Shekarar da Hamza Ya Kawo Baburan Ƙanƙara

Usama, Ruƙayya, Anas, wannan babin dominku na fi rubuta shi. Kun tashi kuna ganina da sanda, kuna jin ana cewa Baffanku Hamza ne ya ɗora ni a kan inji, da ƙafata ta karye kuma ya tattara kayansa ya tafi Jizan ya bar ni a gadon asibiti. Mahaifiyarku Sa'adiya, Allah ya jiƙanta, da wannan fahimtar ta rayu, daga bakinta kuma kuka ɗauka. Ba na ganin laifinta. Amma ni ne na kasance a wurin, shekaruna kuma sun kai inda bai kamata in bar magana a karkace ba.

A lokacin muna gidan unguwar Ammariyya gaba ɗaya. Ni da mahaifiyarku da ku muna ɗakunan gaba, Inna, mahaifiyarmu, tana ɗakin da tagarsa ke kallon lungu, Hamza kuwa bai yi aure ba, ya kafa wa kansa ɗakin katako a saman rufi. A Jidda aka haife mu, a Jidda aka haifi Inna ma, domin kakanta ne ya taho aikin hajji a ƙafa ta Sudan ya zauna. Sai dai takarda ba ta san wannan ba. Mu masu iƙama ne, wato takardar izinin zaman baƙi, warsharmu ta gyara kuma da sunan kafilinmu take, ɗan ƙasar da ya tsaya mana, Abu Majid, dattijo mai sanyin magana wanda ya riƙe mu da mutunci tun zamanin mahaifinmu. Ku da mahaifiyarku da Inna duk a ƙarƙashin iƙamata kuke. Idan tawa ta faɗi, taku ta faɗi, ƙasar da za a ce an mayar da mu kuwa babu wanda ya taɓa ganin ko filin jirginta a cikinmu. Ba ma yawan zancen wannan a gida, amma kowa yana kwana da shi.

Aikinmu gyaran babura ne da dabbab, mai ƙafa huɗun nan da samari ke hawa a rairayi. Idan sanyi ya shigo sai mu kwashi namu dabbab ɗin mu kai tuddan rairayi na wajen Bahra mu ba da haya. Ni ne hannu, Hamza ne baki. Yana iya sa mutumin da ya zo tambayar hanya ya koma da haya ta awa biyu. Abin da ke damunsa shi ne duk wanda ke gefenmu dabbab yake bayarwa, irin namu, kala ɗaya, farashi ɗaya.

Wata safiya ya shigo warsha da babbar mota, a bayanta wasu injuna biyu lulluɓe da tamfol. Da ya yaye sai na ga abin da a talabijin kaɗai na taɓa gani. A gaba babu taya, sai dogayen faranti biyu masu ɗaga hanci. A baya kuma jinziri ne na roba, irin na katafila amma ƙarami. Wani ɗan kasuwa ne ya shigo da su cikin kayan gwanjo, suka yi ta shan ƙura a sito har Hamza ya ji labarinsu.

"Yaya, ka san mene ne wannan?"

"Na sani. Na ƙanƙara ne. Ina ka ga ƙanƙara a Jidda, in ba a shagon mai sayar da kifi ba?"

"Rairayi ma laushi ne da shi. Wallahi a duk Bahra babu mai irinsa. Layi za a yi mana."

Na ce masa mu gwada. Injinsu irin mai fanka ne, bai dogara da ruwa ba, saboda haka ban ji tsoron zafi ta wannan gefen ba. Muka kai ɗaya rairayi, Hamza ya hau. Gaskiya abin ya ba ni mamaki. Tudun da dabbab ke nishi kafin ya kai rabinsa, wannan ya haye shi kamar ana jan sa da igiya. Amma bai daɗe ba ya dawo yana tafiya da ƙyar, warin ƙonanniyar roba yana gaba da shi. Muka kwantar da injin a gefensa na leƙa. A cikin jinzirin akwai dogayen ƙarafa biyu na alminiyam kamar layin dogo, su ke ɗauke da nauyin inji da mahayi ta hanyar sifirin da shokozoba. A ƙarƙashin kowane ƙarfe an saka wata doguwar roba mai tauri da muke kira zallaƙa, a kanta jinzirin yake zamewa. A ƙasarsu ƙanƙara ce ke shiga tsakani, ta sanyaya ta kuma zame mata mai. A nan rairayi ne ya shiga, ya yi mata abin da sanfefa ke yi wa katako. Zallaƙar ta narke, wani wuri har ta manne da ƙananan ƙarafan jinzirin.

Da na bar maganar a nan, da an mayar da su sito. Amma ni mutum ne da inji ke shiga wa rai. Na yi makonni ina kwance a ƙarƙashinsu. Na lura akwai wasu ƙananan tayoyi 'yan kaɗan a jikin ƙarafan nan, kuma daidai inda suke zallaƙar ba ta ci sosai ba, domin sun ɗan ɗage jinzirin daga kanta. Wani mai sayar da kayan gyara a sana'iyya, unguwar makanikai, ya bincika mini, ya ce ana ƙera irin waɗannan tayoyin na ƙari, ba na kamfanin asali ba, sun ɗan fi na asalin girma, mutanen can suna sa su idan ƙanƙara ta yi ƙaranci. Muka yi oda. Da suka iso na jera su a duk tsawon ƙarfen, musamman a lanƙwasar gaba inda nauyi ya fi taruwa. Na sassauta jinzirin kaɗan, na daidaita shi kada ya karkata gefe ɗaya, na sauya shokozobar baya da ta riga ta zubar da mai, na sa sabuwar zallaƙa. Muka koma rairayi. Zallaƙar da a da ba ta kai la'asar, yanzu muka yi ta zagaye har yamma, na auna da farce na ga da ƙyar ta ragu. Hamza ya rungume ni a gaban mutane.

Ni kuwa a hanyar dawowa lissafi nake yi. Nauyin da na ɗauke wa zallaƙa bai tafi ko'ina ba, a kan tayoyin ya koma. A cikin kowace taya akwai rumman-bili, abin da mutanen Kano ke kira boris, an rufe shi da siririyar roba don ta hana ruwa shiga, ba don rairayin Bahra ba. Da na kwance ɗaya a warsha na juya shi kusa da kunnena, sai na ji ƙaras-ƙaras, kaɗan ƙwarai, kamar an tauna shinkafa mai tsakuwa. Idan ya cije a tafiyar hankali, inji zai yi nauyi ka tsaya. Idan ya cije a guje, ban san abin da zai faru ba, babu kuma wanda zan tambaya, domin babu wanda na sani da ya taɓa yin wannan aikin.

Na ce wa Hamza ina son lokaci. In nemo boris mai rufi biyu, in ƙera wa kowace taya murfi, sannan in gwada shi da gudu na gaske. Sai a lokacin ya gaya mini ya riga ya yi alkawari. Hutun tsakiyar shekara na makarantu zai fara, ya sanar da buɗewa ranar Juma'a bayan la'asar, waɗanda za su fara hawa kuma Majid ne, ɗan kafilinmu tilo, da abokansa na jami'a.

Maganar ta fashe ne ranar Alhamis a kan abincin rana. Inna ta yi tuwo da miyar kuka kamar yadda ta saba a ƙarshen mako, ku kuna ɗakin ciki. Hamza ya ce ina da son jan abu, tun muna yara haka nake, sai na wanke babur sau uku kafin in miƙa wa mai shi. Na ce gara in wanke sau uku da in wanke gawa. Inna ta ajiye cokalin miya.

"Wane irin zance ne wannan a kan abinci?"

"Inna, tsoro ne kawai," in ji Hamza. "Injin nan ya yi yini guda yana gudu lafiya lau. Shi da kansa ya gani."

"Ya yi yini yana tafiya," na ce. "Bai yi gudu ba. Yaran nan ba za su tuƙa shi kamar dattawa ba."

"To in je in ce wa Abu Majid me? In ce ɗansa ya gayyato mutane, mu kuma muna jin ƙaras-ƙaras?"

Sa'adiya ba ta saba sa baki idan muna maganar warsha ba. Tsakaninta da Hamza wasa ne kullum, irin na matar wa da ƙanin miji, ita ce ma ke ɓoye masa nama idan ya makara. Ranar nan ta dube shi babu wasa a fuskarta.

"Hamza, idan wani abu ya sami ɗan mutumin nan, kai kaɗai ne a iƙamarka. Mu shida ne a ta yayanka Abu Usama."

Hamza ya sunkuyar da kai yana murza lomar da bai kai baki ba. Inna ta daɗe tana kallonmu, sannan ta yi magana a hankali, rabi da Hausa rabi da Larabci kamar yadda take yi idan ranta ya ɓaci.

"Ni ban san inji ba. Abin da na sani, uwata a ƙasar nan take kwance, ubanku ma haka. Kada ku kai ni inda ban san kowa ba a tsufana. Halas, ku daidaita tsakaninku."

Abin da muka daidaita shi ne mu fita da sassafe ranar Juma'a, mu biyu, a gwada injin da cikakken gudu. Idan ya riƙe, a buɗe da la'asar. Idan na ji abin da ban yarda da shi ba, Hamza zai kira Majid ya ba shi haƙuri. Sa'adiya ta biyo ni har bakin matakala ta ce in yi mata alkawari ba ni zan hau ba. Na ce mata Hamza ne direba, ni mai kallo ne. A lokacin haka nake nufi.

Mun isa rana ba ta yi zafi ba tukuna. Babu kowa a wurin, sai alamun tayoyin jiya da iska ta fara shafewa. Muka ajiye motar a inda ƙasa take da tauri, muka sauke injin. Hamza ya sa hular kwano ya zaro makulli daga aljihu. Ina tsaye ina kallonsa sai na ga abin ba zai yiwu ba. Hamza yana tuƙi da ƙirjinsa, idan iska ta buge shi ba ya jin komai sai daɗi. Abin da nake nema kuwa ƙaramin sauti ne da ɗan rawar da za ta zo ta tafin ƙafa, wanda sai wanda ya ɗaura tayoyin da hannunsa zai gane. Na miƙa hannu na ce ya ba ni makullin.

"A'a, Yaya. Ni na kawo su, ni zan hau."

"Kai za ka dawo ka ce mini lafiya lau. Ko jinzirin yana cin wuta haka za ka ce."

"Me zan ce wa Ummu Usama?"

"Ba sai ka ce komai ba. Kawo."

Ya mayar da hannunsa baya kamar yaro. Na kama wuyan hannun na buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙyale ni domin ni ne babba. Ku riƙe wannan. Da hannuna na karɓi makullin, hular ma daga kansa na cire ta.

Na fara a hankali, ina zagaya fili. Na tsaya na sauka na taɓa tayoyin da bayan yatsa. Duk ɗumi ɗaya, ban da wata a gefen hagu, kusa da lanƙwasar gaba, wadda ta ɗan fi sauran. Na ƙara gudu, na sake tsayawa. Ta ƙara ɗumi, amma tana juyawa. Hamza ya tsuguna kusa da ni ya taɓa ta shi ma.

"Wannan ai ba komai ba ne. Halas, ka gani. Mu koma mu yi shirin masallaci."

Na dubi babban tudun da ke gabanmu, wanda na san shi Majid da abokansa za su fara nufa da zarar sun hau. Na ce masa saura wancan. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa.

Na ja da baya sosai don in sami fili, sannan na matse mai har ƙarshe. Ban taɓa jin irin wannan jan ba. Injin ya ɗaga hanci, rairayi yana tashi a bayana, na haye tudun ina kasa kunne. Babu komai. A sama na juya na fuskanci gangara, na hango Hamza can ƙasa ƙarami, ya sa hannu a goshi yana kare rana. Na sake matsawa. A tsakiyar gangarar na ji shi, wani siririn fito daga ƙarƙashin ƙafata ta hagu. Na saki mai nan take, amma gangara ta riga ta karɓi nauyin. Fiton ya koma kuka, sai wani abu ya ce ƙas, jinzirin ya tsaya cik kamar an soka masa ƙarfe. Bayan injin ya zagayo gaba. Na ga sama, na ga rairayi, na sake ganin sama. Da komai ya lafa ina kwance a kan bayana, injin yana kan ƙafata ta dama, fetur yana ɗiga kusa da cinyata, injin kuma bai mutu ba.

Ban ji zafi ba da farko. Fetur ɗin nake kallo, ina laluben maɓallin kashewa hannuna bai kai ba. Ina jin numfashin Hamza kafin in gan shi, yana hawowa da hannu da ƙafa, rairayi yana zamewa a ƙarƙashinsa. Ya kashe injin. Ya sa kafaɗa ya tura, bai motsa ba. Ya tona rairayin gefe da hannuwansa, ya sake sa kafaɗa yana kiran sunan Allah, ya ɗaga shi daidai yadda zan ja jikina. Injin nan mu biyu muke sauke shi da katako daga mota. Har yau ban san yadda ya yi ba. Da ya ga ƙafar sai ya cire rawanin da ke wuyansa ya rufe ta, ya ce kada in duba.

Waya ba ta kamawa a tsakanin tuddan, mota kuma ba za ta iya shigowa ba. Ya ɗaure ƙafar da rawanin da wani guntun katako, ya goya ni. A bayansa zafin ya zo. Duk takun da ya yi sai in ji ƙashin yana gogar ɗan'uwansa. Ya faɗi sau da yawa, kuma duk faɗuwar a kan gwiwarsa yake yi don kada ƙafata ta taɓa ƙasa. Yana ta yi mini magana don kada in suma, zancen banza, zancen wata akuya da muka taɓa kora ta shiga masallaci muna yara. Abin da na iya ce masa shi ne ya kira Majid.

"Zan kira."

"Ɗayan injin ma. Kada kowa ya taɓa shi."

"Na ji, Yaya. Yi shiru."

Abin da ya faru a asibiti daga baya aka ba ni labari, domin an shiga da ni tiyata. Sa'adiya ta iso da Inna, ta tarar da Hamza a baranda, rigarsa duk jini da rairayi. Ta tambaye shi wa ya sa ni hawa, alhali na yi mata alkawari. Ya dube ta ya ce, "Ni ne." Daga ranar ba ta ƙara yi masa wasa ba. Da na farfaɗo na gaya mata gaskiya, na sake gaya mata bayan na dawo gida, na maimaita a shekarun da suka biyo baya. Amsarta ɗaya ce kullum, wai ina kare ɗan'uwana ne, ai shi da bakinsa ya faɗa. Na tambayi Hamza dalilin da ya sa ya ce haka. Ya ce mace tana iya zama da fushin ƙanin miji, amma wanda za ta yi jinya wata da watanni bai kamata ta dube shi tana tuna ya karya mata alkawari ba.

Likitoci sun ceci ƙafar, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasawa ba. Makanike da ba ya tsugunawa ya gama aiki. Ina kwance ina wannan tunanin aka fara tambayoyi, domin hatsari ne a wurin haya, wurin kuma da sunan Abu Majid yake. Aka rufe wurin. Dattijon ya ji cewa ɗansa ne zai hau injin nan da la'asar ɗin ranar, kuma an yi masa sauye-sauye ba da saninsa ba. Bai zo asibiti ba, bai ɗauki wayata ba. Sai labari ya iso cewa zai sayar da warsha ya sallame mu, kowa ya nemi wanda zai karɓi kafalarsa kafin iƙama ta ƙare. Tawa kuwa ta kusa. Wa zai ɗauki gurgu mai mutum biyar a bayansa? A makonnin nan Inna ta daina cin abinci sosai. Mahaifiyarku ta fara ware kaya a ɓoye, wanda za a ɗauka da wanda za a bari, tana tsammanin ban lura ba. Duk ƙarar da aka yi a ƙofa sai gidan ya yi shiru.

Wata rana da hantsi Abu Majid ya hawo matakalarmu da kansa, yana hutawa a kowane hawa. Ya zauna a gefen gadona ya ƙi shan shayi. Ya ce yana da ƙaramin shagon kayan gyara a Aziziyya mai buƙatar mutum ɗaya a bayan kanta, aikin zama ne, idan na warke in je in karɓi makulli, zai sabunta mini iƙama. Na fara godiya ya ɗaga hannu.

"Ba ni za ka gode wa ba, ya Usta Idris. Ni Hamza na yi niyyar ba wa. Shi ne mai bakin ciniki, kai kuma na yi fushi da kai, domin kai ne babba, kai ya kamata ka zo ka gaya mini. Na kira shi na ce ya karɓa. Ya ce shi ya sayo injunan, shi ya gayyaci Majid, shi ya ƙi jin maganarka, kuma ba don ka hau ba da ɗana ne a ƙarƙashin injin. Ya ce in ba ka shagon, shi in sake shi."

"Ina zai je?"

"Na tambaye shi. Ya ce namiji ɗaya ba ya rasa inda zai sa kansa."

Ya kusa rasawa. Ya bi warsha-warsha a Jidda, amma labarin ya riga shi zuwa ko'ina, babu mai son sunansa a takardarsa. Iƙamarsa tana gab da ƙarewa ya sami wani ɗan kwangila a Jizan mai neman direban tankar ruwa. Mutumin da bai taɓa kwana a wajen Jidda ba sai don umra, ya tafi can iyakar kudu yana kai ruwa ƙauyukan kan duwatsu. Ranar tafiyarsa ya tsaya a ƙofar ɗakinmu ya yi sallama, mahaifiyarku ta amsa daga ciki ba ta fito ba. Inna ta riƙe hannunsa har bakin matakala. Wannan ita ce tafiyar da kuka ji ana kira gudu. Shagon Aziziyya kuwa shi ya ciyar da ku, shi ya kai ku makaranta, daga cikinsa muka koma unguwar Safa.

Ba na cewa Baffanku bai yi kuskure ba. Ya yi gaggawa, ya yi alkawari da abin da bai gama sani ba, shi ma bai taɓa musun haka ba. Amma ya biya fiye da abin da ya ci.

Yana shekara ta huɗu a can Inna ta kwanta. Ciwon bai ba da lokaci ba. Na kira shi, ya ce mai aikinsa yana kan dutse, sai ya sauko zai sami izini. Da ya samu ya kamo hanya a motar haya, tafiyar yini guda. Inna ta cika da safe, a nan kuma ba a jinkirta gawa, aka yi mata salla da azahar. Ya iso bayan la'asar da jakarsa a hannu, ya rame, ya yi baƙi, furfura ta fito masa a gemu. Bai shiga gida ba, ya ce in kai shi. Kun san maƙabartar nan babu suna a kan kabari, sai ƙananan duwatsu iri ɗaya a jere. Na dogara sandata na bi layin har na gane inda ƙasar take da danshi, na nuna masa. Ya tsaya ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa bai juyo ba.

"Ta tambaye ni?"

"Ta tambaya. Na ce kana hanya."

"Me ta ce?"

"Ta ce a ajiye maka abinci."

Ya ajiye jakar a ƙasa ya zauna a kanta. Ni ba na iya zama a ƙasa, sai na tsaya a gefensa, hannuna a kan kafaɗarsa, har mai gadi ya zo ya ce za a rufe ƙofa.